Yadda Muka Kai Kaka Gadin Mitar Wuta

Kakanmu ya rasu ya bar mana gida a Abhur, bakin teku, wanda ya saya tun wurin babu kowa sai ƙaguwa. Mu a unguwar Nuzla ta cikin gari muke zaune. Sai da Sallah muke zuwa can mu gasa kifi, mu ɗauki hoto, mu dawo muna yi wa maƙwabta yanga. Gishiri ya cinye ƙofar har kyanwa na shiga ba ta sunkuya ba.

Bara Baffa, yayan babana, ya zo da labari: harajin filaye ya tashi, kuma zai hau kan gidajen da aka bari ba kowa. Wai ta mitar wuta ake gane su. Aka tara dangi. Kowa na son gidan, ba mai son biya, ba mai son tarewa. Idanu suka yi ta yawo har suka sauka kan Kaka, tana gefe tana ɓare gyaɗa.

"Inna, iskar teku maganin gwiwa ce," in ji Baffa. "Kwana kaɗan ne."

"Wa zan gaisar da safe? Kifi?"

"Halas, an gama magana."

Abin da suka manta, Kaka da mita tsofaffin abokan gaba ne. A Nuzla in ka fita ka bar fitila a kunne, sai ta bi ka har kasuwa. Tana isa gidan na Abhur ta kashe mukayyif mai sanyaya ɗaki, ta zare firji, ta zauna da maficinta. Ƙarshen wata Baffa ya duba mita, ya riƙe kai.

"Inna, gidan nan ya fi shan wuta lokacin da ba kya ciki."

Sai aka riƙa tura ni duk Juma'a in kunna komai. Ina kunnawa, tana bina a baya tana kashewa, har gwiwar da aka kawo jinya ta koyi gudu.

"Ke ja'ira, yaushe za ku mayar da ni?" take cewa. "An yi rasuwa a layinmu, ban je gaisuwa ba."

Daga baya Baffa ya sayo na'urar da ke kunna fitilu daga wayarsa. Da na gaya wa Kaka mita ta samu wani bawan, nan take ta ƙulle kayanta a zani, ta sa turare, ta zauna bakin ƙofa.

Baffa ya zo da yamma, ya tsallake ƙullin. Ashe ya riga ya cika ɗakinta na Nuzla da dilolin yadin shagonsa na kasuwar Bab Makka.

"To a kawo yadin nan, ni in koma," in ji Kaka.

"Haba Inna, yadi ba ya jure danshin teku."

Har yau tana can. Ta kashe fitila, Baffa ya sake kunnawa daga shago. Ƙullin nata na nan bakin ƙofa, zanin ya fara fumfuna.