Waken Kutemeshi a Bakin Teku

Birnin Gwari

Ana kiran asuba muka ɗaure tamfol a kan lodin mota. Buhu goma sha takwas na farin wake, duk abin da gidanmu ya samu bana a gonar Kutemeshi, wadda muke shiga da addu'a mu fito da sauri saboda 'yan bindiga. Yaya Sale, ɗan wan babana, shi ya kawo shawarar a kai shi Warri. Ya taɓa yin gadi na wata biyu a Legas, tun daga nan ba a maganar jirgin ruwa a majalisa sai ya gyara zama. Wai masu dafa wa ma'aikatan tashar jirage abinci rububin wake suke yi. Inna ta ce a sayar a kasuwarmu, ya ce ai mata ba su san harkar waje ba.

Tegina zuwa Lakwaja

Sai ƙarfe bakwai muka samu rakiyar sojoji muka ratsa dajin, kowa bakinsa na motsi. Shingaye kuwa har na gaji da kallo. Kowanne sai direbanmu Bitrus, wanda muka yi firamare tare, ya miƙa hannu ta taga. A Lambata muka ci tuwo da wata miya mai kama da ruwan wanke-wanke. A Lakwaja muka kwana kan buhunan, sauro ya yi sallah da mu. Da safe Yaya Sale ya nuna mini kogin Kwara ya ce, "Wannan ai kududdufi ne. Bari ka ga teku, ni da ita mun san juna."

Warri

Ramukan Auchi suka ci mana taya, sai rana ta uku da hantsi muka iso. Manyan jiragen da ake cika mana kunne da su, ta saman katanga muka hango su, mai gadi ko kallon arziki bai yi mana ba. Aka tura mu wani wurin gyaran jirage a bakin kogi, can inda ruwan teku ke shigowa. Tsatsa ko'ina, baƙin mai, masu walda a rataye jikin ƙarfe, ga wani jirgi a gicciye kamar mushen saniya. Wata mai dafa abinci da ta yarda za ta sayi waken ta ce sai la'asar. Bitrus kuma yana da lodi a Sapele, dole a sauke.

Yaya Sale ya zaɓi wani fili a gangare, shimfiɗaɗɗe, rana ta busar da samansa. Muna cikin jerawa wani mai shayi ɗan Kwantagora ya leƙo.

"Bayin Allah, ku hau da kayan nan sama. Ruwa na tafe."

Yaya Sale ya ɗaga kai ya dubi sama. "Da wane hadarin? Mu da muka tashi a bakin Mariga za a koya wa ruwa?"

"Malam, wannan ba ya jiran hadari. Kullum sau biyu yake kawowa."

Yaya ya raɗa mini, "Baki ya haɗa da 'yan dako, so suke mu biya." Maganar mai shayin ta shige ni, amma a gidanmu ƙane ba ya gyara wa yayansa zance a gaban baƙo. Muka tafi neman masallaci da abinci.

Da muka dawo, filin babu shi. Ruwa mai gishiri da mai ya kai gwiwa, ga rana tarwai ba ko girgije. Wake ya sha ya kumbura, buhuna sai fashewa suke ɗaya bayan ɗaya. Masu walda suka ajiye aiki suna kallo daga sama. Buhu uku na can bisa muka tsira da su. Na zauna a taɓo na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Gida

Bitrus ya dawo da mu bai karɓi ko sisi ba, Allah ya saka masa. Na gode wa mai shayin nan da ya faɗa mana gaskiya kyauta, na gode wa Allah da ya raba mu da dajin lafiya. Yaya Sale kuwa tun kafin ya cire takalmi ya shiga majalisa yana rantsuwa cewa mutanen Kudu ne suka yi mana asiri suka turo ruwa.

Inna ta saurare ni har na gama, ba ta ce ai na faɗa muku ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ka dai rage na iri?"

Ban rage ba.