Ranar da Kujerar Baba Ta Motsa

Ranar Asabar ce da hantsi, kwana uku bayan Inna ta fita takaba, a shekarar da nake aji huɗu a lekol, wato makarantar boko. Bazara ta riga ta kama Garwa, ko ganyen darbejiyar ƙofar gidanmu ba ya motsi. Mun yi shiri za mu Lagdo gaishe da Goggo Dudu, yayar Baba, mai bandar kifi a bakin dam. Ni da yayata Habi muna tsaye kowa da ƙullin tsaraba, Inna tana bayanmu cikin sabon mayafi. Baffa Sale, ƙanen Baba, ya fito daga zaure yana kaɗa makulli, ya nuna motar daga nesa ya danna. Fitilu suka ƙifta, ƙofofi suka yi ƙwas. Ya buɗe ƙofar direba, bai kai ga ɗaga ƙafa ba sai muka ji wani siririn gunji kamar na ƙudan zuma a cikin tulu. Kujerar direba, babu kowa a kanta, ta fara tafiya gaba a hankali. Ta tsaya, ta ɗan ɗaga sama, bayanta ya miƙe. Madubai biyu na gefe suka sunkuya. Daga nan sai shiru. Dukanmu mun gane zaman. Zaman Baba ne.

Baba gajere ne, kakkaura, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa kamar yadda ubansa ya yi. Motar baƙa ce mai kujerun fata, kwance ya sayo ta daga Duwala, kuma tun da ta shigo gidanmu babu wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi. Yakan matso da kujera har cikinsa ya kusa taɓa sitiyari, ya ɗaga haɓa yana leƙen hanya. Kowace Juma'a da safe aikinmu ne wanke ta: Habi ta ɗebo ruwa a famfo, ni in bi ƙafafun da soso, mu kori awakin Inna da ke son gogar jikinsu da ita. Idan hannuna ya nufi maɓallan gaba sai ya ce, "Rakiya, nan ba wurin wasa ba ne." Wurinmu baya ne, kuma ƙofofin baya ba sa buɗuwa daga ciki, haka ya saita su don kada mu faɗo. In mun iso lekol shi ne zai fito ya zagayo ya buɗe mini, ya ɗan rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, an iso." Ina jin kunyar abin a gaban yara, amma ina jiransa kullum.

Da ya rasu, bayan jinyar da ba ta fi mako guda ba, aka nemi makullinsa aka rasa. Baffa Sale, wanda ya ɗauki nauyinmu da na shago, ya ciro na ajiya daga akwati, wani wanda maɓallinsa ba ya aiki, sai an zura shi a ƙofa an murɗa da hannu. Shi dogo ne, don haka ya ja kujerar baya, kuma wata huɗu yana kai mu lekol ba abin da ya faru. Sai da Inna ta fita takaba, tana ninke rigunan Baba don a bayar sadaka, ta ji abu mai tauri a aljihun wata farar shadda. Makullin ne, da igiyar fatarsa. Ta miƙa wa Baffa, shi kuma ya mayar da na ajiyar cikin akwati ya kulle. Safiyar Lagdo ce rana ta farko da ya danna shi.

Ranar mun tafi duk da haka. Baffa ya yi ta addu'a a bakin ƙofa, ya laluba gefen kujera ya mayar da ita baya. Muka wuce gadar Binuwai. A Lagdo muka ci kifi, Goggo ta cika mana kwali da banda, na ma fara mantawa. Da la'asar Baffa ya danna makulli, sai ga gunjin nan kuma, a gaban Goggo da matan da ke juya kifi a kan wuta. Goggo ta dafe ƙirji ta kira sunan Baba na yanka, wanda ban taɓa jin wani ya kira ba. Daga ranar kullum haka: Baffa ya gyara ya tuƙa, ya rufe ya tafi, in ya dawo ya buɗe, kujerar ta koma gaba kamar ana ce masa ba wurinsa ba ne. An turara habbatus sauda a ciki, an yayyafa rubutu. Ba ta fasa ba.

Ni ce na fitar da maganar waje. A lokacin hutun shan iska muna 'yar carafke a bayan aji da ƙawata Fadimatu, na ba ta labari, har na ƙara cewa na ga fatar kujerar ta lotsa kamar an zauna. Ban ga haka ba, daɗin baki ne kawai. Kafin mako ya zagayo labarin ya karaɗe unguwa, kuma ya dawo mana da wata riga daban. Aka ce mamaci ba ya hana ɗan'uwansa zama haka kawai, lalle Sale ya danne wa marayu wani abu. Na ji da kunnena a wajen niƙa wata mata tana cewa, "Wanda ke kabari ya fi mu sani." Idan Baffa ya doshi majalisar ƙofar masallaci sai hira ta mutu. Mutumin da ke dawo mana da ƙosai da rake kowace yamma ya zama ba ya haɗa ido da kowa. A ƙarshe ya shigar da motar ƙarƙashin rumfar kwano ta tsakar gida, ya rataye makullin a ƙusa a zaure, ya koma hawa mashin. Mu yara kuma muka daina wasan ɓuya a wannan ɓangaren. Ko sharar yamma, in na zo kusa da rumfar sai in miƙa tsintsiya daga nesa.

Abin ya tsaya mini a rai, don na san bakina ne. Sai na yi wani tunani irin na yarinya 'yar shekara tara: in har Baba yana cikin motar, to zan je in roƙe shi ya ƙyale Baffa. Wata Laraba bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, Inna tana barci a kan tabarma, Habi ta tafi kai saƙo, na taka turmi na ciro makullin. Na danna. Kujerar ta yi gunjinta ta matsa gaba, ina kallo ta gilashi. Na buɗe baya na shiga wurina na kullum, bayan kujerarsa, na ja ƙofa. Ciki kamar tanda, fatar tana ƙona mini cinya, kuma ƙamshin turarensa yana nan a ƙarƙashin warin hayaƙin da aka yi. Na riƙe makullin da hannu biyu na yi sallama. Na ce, "Baba, ni ce. Don Allah ka bar Baffa. Ƙarya na yi, ban ga an zauna ba." Na jira. Kwanon rumfa yana ta ƙas-ƙas saboda rana. Sai ƙofofin huɗu suka yi ƙwas a lokaci guda, 'yan sandunan kulle suka nutse.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Abin da ya zo mini shi ne Baba ya ji ni, kuma zai tafi da ni. Na zabura, ina zabura motar ta fasa kuka, jiniya da hon tare, fitilu suna walƙiya a jikin bango. Makullin ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin kujera. Na ja marikin ƙofa, ba ta buɗe ba. Na haura gaba na ja na can, shi ma haka. Na danna maɓallin gilashi, ko motsi. Gumi ya rufe mini ido, numfashina ya dawo gajere, ina dukan gilashi da tafin hannu. Ta cikinsa na ga maƙwabta sun cika tsakar gida, maza da mata, bakinsu na motsi ba na jin komai, kuma babu wanda ya matso. Sun yi da'ira nesa da rumfar kamar masu kallon maciji. Wani yana ta nuni da hannu a je kasuwa a kira Sale. Sai na ga Inna ta ratso su ba mayafi, da taɓarya a hannu. Ta yi mini alama in kwanta. Sau uku ta daki gilashin baya kafin ya zube, ta zura hannu ta jawo ni ta taga, gilashin ya tsaga mata damtse. Aka kwara mini ruwan randa. Motar tana ta kuka a kanmu har ta gaji ta yi shiru da kanta.

Da yamma tsakar gida ta cika da shawara. Wasu suka ce a kai ta daji a yar, wasu suka ce yanzu ta fara neman rai. Baffa yana zaune a kan dakali, kansa a ƙasa. Malam Buba, wanda ke karantar da mu allo, shi ne ya katse su. Ya ce, "Wanda ya mutu yana da abin da ya dame shi, ba mota ba. Kun nemi malami kun nemi hayaƙi, wa ya nemi bakanike?" Washegari bayan la'asar aka kawo wani, mutumin kudu da ya daɗe yana aiki a Duwala, yana haɗa Faransanci da Fulatanci yana magana. Malam ya ce a turo motar ƙofar gida, a yi komai a gaban jama'a.

Bakaniken ya nemi makullan biyu. Ya ja kujera baya, ya rufe, ya buɗe da na ajiyar: ba ta motsa ba. Ya sake rufewa ya buɗe da na Baba: ta tafi gaba, mata suka ja da baya suna salati. Ya yi haka har sau huɗu. Sannan ya nuna wasu ƙananan maɓallai a gefen kujerar, ya ce irin wannan mota tana riƙe zaman mai kowane makulli, ta mayar masa da kujera da madubi yadda ya bar su. A zamanin Baba ba ta taɓa motsi ba saboda ba wanda ya taɓa gusar da ita. Game da ni kuwa, ya ce na matse makullin ne na kulle kaina, kuma in an kulle ta haka ba ta buɗuwa daga ciki, duk abin da ya motsa a ciki ɓarawo take ɗaukarsa. Wataƙila haka ne. Har yau ban tuna na danna komai ba.

Bakaniken ya ce in ana so zai goge zaman, aikin ɗan lokaci ne. Baffa ya juya wajen zaure inda Inna ke tsaye da hannu a naɗe, ya ce, "Yaya, ke za ki faɗa." Inna ta fito. Ta daɗe tana kallon kujerar, ta kai hannu ta shafa wurin da kan Baba ya dusar da fatar. Sannan ta ce, da muryar da kowa zai ji, "A goge. Sale ne ke kai mini yara lekol, a saita masa." Baffa ya shiga ya zauna, bakaniken ya danne maɓallai biyu, wani abu ya yi ƙara sau ɗaya. Shi ke nan. A wurin na fashe da kuka na faɗa wa Baffa cewa ni na kai maganar lekol. Ya ce ya sani tun tuni, ya ce in je in wanke fuska.

Da safe muka fito za mu lekol, an toshe tagar baya da kwali. Baffa ya danna makullin Baba, fitilu suka ƙifta, ƙofa ta buɗe. Na tsaya ina sauraro. Ba gunji, ba komai. Habi ta ce alhamdu lillahi ta shige. Ni kuwa sai a lokacin na ji Baba ya tafi da gaske, abin da ko ranar jana'iza ban ji ba, don ranar an tura mu gidan maƙwabta ba mu ga fitarsa ba. Unguwa ta saki maganar a hankali, ko da yake akwai tsofaffin da suka mutu suna cewa bakaniken biyansa aka yi.

An sayar da motar ina sakandare, wani mutumin Poli ya tafi da ita. Yanzu ni ke tuƙa kaina zuwa aiki, kuma 'ya'yana ba abin da ke ba su mamaki: waya tana amsa musu magana, mota tana yi mini tsawa in ban ɗaura bel ba, su dariya suke yi. Duk wanda ya rasu a danginmu yanzu yana barin muryarsa da tafiyarsa a wayoyin mutane, a kalla duk lokacin da aka so. Baba hoto ɗaya ya bari, na katin shaida, bai ma yi kama da shi ba. Idan 'yata ta tambaye ni yadda yake, sai in ga na fara lalube. A wancan lokacin na ɗauka tsoronsa nake ji. Ashe kewa ce, ban dai san sunanta ba tukuna.