Baba Yona, Mai Murya Biyu a Ƙaho Ɗaya

Kullum da la'asar, in Baba Yona ya rufe rumfarsa ta gyaran lagireton mota a unguwar Shango, sai ya wanke hannu da kananzir, ya rungumi ƙaton ƙahon nan da 'yan badujala ke kira tuba, ya nufi harabar coci. A layin baya yake tsayawa, yana ba da muryar ƙasa, wadda ba mai lura da ita sai ran da babu ita. Bana, 1996, haƙoransa na gaba sun zube, leɓe ya daina kama bakin ƙaho, ya ce ya ajiye. To kafin a manta, ga abin da ya yi, wanda har yau in an tuna sai an riƙe baki.

A 1984 ne shanyewar ɓarin jiki ta kama amininsa Andrawus, mai busa ƙahon nan da ake ja ana turawa. Baki ya karkace, busa ta ƙare. Da ya ɗan samu sauƙi aka kai shi coci, ya ji waƙar da suka saba busawa tare, wurin muryarsa wayam, don ba wanda ya iya ta. Ya sa aka mayar da shi gida. Tun daga ranar ya daina magana, abinci ma sai da lallashi. Matarsa Hannah ta zo rumfar Yona tana kuka.

"Baban Alice, abokinka yana ƙarewa ina kallo. Ba ciwon ba ne zai kashe shi, shirun ne."

Abin ya tsaya wa Yona a rai. Ya tuna wata rana da ya yi gyaran murya yana cikin busa, wani sauti na biyu ya fito ta ƙahon. Sai ya ce ai kuwa zai bi sautin nan. Leɓe ya riƙe muryarsa ta ƙasa, maƙogwaro ya rera ta Andrawus a sama, numfashi ɗaya. Faɗa da sauƙi! Da fari maƙogwaron bin leɓen yake yi, in kuma suka rabu sai su yi ta karo, ƙahon na rawa kamar injin niƙa. Kai ya yi ciwo, murya ta dishe, damina ta zo ta wuce yana fama.

Ran da abin ya fara zama, maƙwabcinsa Malam Sanda mai nama ya leƙa ta taga, ya ja da baya da salati, ya bar takalmi ɗaya a wurin.

"Wallahi mutum ɗaya ne a ɗakin nan," in ji shi, "amma biyu nake ji!"

Kan ka ce me, Shango ta ɗauka cewa ƙahon Yona ya yi aljani. Direbobi suka kai lagiretonsu wani wuri. Dattawan coci suka kira shi suka yi masa nasiha. Kai ne, Baba Yona, ka saurare su da ladabi, ka ce ka gode, ka koma ɗaki ka ci gaba da abinka. Taurin kai irin naka, Allah ya ƙara mana shi.

Wata Lahadi bayan sujada ya saɓi ƙahon har Barkin Sale, unguwar su Andrawus, jama'a na bin sa nesa-nesa. Ya tsaya bakin tagar Andrawus ya fara waƙar. Murya biyu suka tashi tare, ta ƙasa da ta sama. Mata suka dafe ƙirji, wani ya ruga a guje. Hannah ta zauna daɓas a ƙasa, don muryar mijinta take ji alhali yana kwance a ɗaki.

Ana tsakiyar waƙa sai aka ji tsawa daga ciki, da karkataccen baki.

"Ba haka ba ne!"

Sai ga Andrawus a bakin ƙofa, yana jan ƙafa, ya dafa bango, idanu jawur.

"Yona, ka ɓata mini waƙa! A nan sama ake ɗagawa, sama! Duk shekarun nan ina gefenka, kunnenka na ina?"

Yona ya sauke ƙahon, hawaye na zuba masa. "To zo ka gyara mini mana."

"Hannah, kawo kujera," in ji Andrawus. "Da sauran tuwon nan?"

Andrawus bai ƙara busa ƙaho ba, amma shi ya koyar da duk samarin badujalar da suka taso bayansa, da faɗa da komai, har Allah ya karɓi ransa cikin mutanensa. Yona ya ce kuskuren nan ba da gangan ya yi ba. Hannah har gobe ba ta yarda ba.

Baba Yona, zakin layin baya, ka yarda an kira ka mai aljanu, ciniki ya gudu, duk don abokinka ya buɗe baki. Mun gode, Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya. Mu kuma da muke da wani kwance a gida, wanda duk aka gaji da yi masa sannu, mu bi sawunka. Mu nemo abin da yake so har zai iya tashi ya yi mana faɗa a kansa.