Dashen Mangwaro a Gonar Aro

Har gobe mutanen garinmu Garkar Bature suke ce wa lambun nan, kuma duk lokacin da na ji haka sai raina ya ɓaci. Wane Bature? A aljihu ya taho da fadamar? Ƙasar kakana ce, tana gefen hanyar da ta tashi daga Konni zuwa Malbaza, kuma aronta aka ba shi.

Ban gan shi ba, ban kuma yi asarar komai ba. Ɗan Ingila ne, ya ƙetaro daga wajen Sakkwato yana sayen fatu, ya ga fadama ta yi masa, ya je ya sha shayi da kwamandan Faransawa, ya dawo da tafinta. Kakana ya yi abin da ake yi wa baƙo, ya nuna masa wuri ya ce ya noma. A wurinmu ko yaro ya san ƙa'idar gonar aro. Ka shuka gero, ka shuka wake, ka girbe abinka, amma ba ka dasa itace, ba ka haƙa rijiya. Wanda ya dasa itace ya ce wurin nasa ne, ko bai buɗe baki ba. Kakana bai faɗa masa ba, don bai taɓa zaton akwai babban mutum mai gemu da bai san wannan ba. Kafin wata damina ta zagayo, mutumin ya jera mangwaro layi-layi, ya haƙa rijiya, ya kewaye wurin da ƙaya. Da kakana ya je yin magana, tafinta ya ce masa ana neman masu ban ruwa, in yana so.

To, ya zai yi? Ga iyali. Ya zama ɗan ƙwadago a ƙasar ubansa.

Daga baya Baturen ya kawo matarsa, wata doguwa mai hula kamar faifai, da ƴaƴa biyu, namiji da mace. Kakata ce ke goyon ƙaramar. Ta ce ba a taɓa ce mata zauna ba a gidan nan, kuma in ta sha ruwa sai uwargidan ta sa a wanke moɗar da ruwan zafi. Duk da haka yarinyar ba ta barci sai a bayanta.

Babana yana ƙarami, ko kaciya ba a yi masa ba, ya bi uwarsa garkar, ya tsinci mangwaro ɗaya a ƙasa. Faɗowa ya yi, ba tsinkarsa ya yi ba. Bature ya sa kukunsa ya riƙe shi, shi kuma ya zane shi da bulalar doki, kakana yana tsaye da tulun ban ruwa a kafaɗa. Tun ranar Baba bai ƙara sa mangwaro a bakinsa ba. Mun tashi mun ga in aka sayo mana a kasuwa, sai ya miƙe ya bar mana tabarmar.

Zazzaɓi ya ɗauke ƙaramar yarinyar. Suka rufe ta a kan tudu bayan garkar, suka jera duwatsu. Ba a daɗe ba matar ta tafi da ɗan, shi ma da mulkin Turawa ya zo ƙarshe ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Ya mayar wa kakana ƙasarsa? Ina! Kukunsa ya bar wa garkar, kamar tsohuwar riga. Aka kai magana gaban manya, suka ce ai itatuwan ba kakana ya dasa ba. Abin da ya dawo hannunmu tudun nan ne kawai, jigawa mai yashi, da kushewar yarinyar a tsakiya. A nan Baba ya noma geron da ya ciyar da mu, kowace damina yana kewaye duwatsun da hauya.

Jikan kukun yanzu alhaji ne a Konni, yana da manyan motoci masu ɗaukar siminti. Ya daɗe yana zagayen tudunmu, yana so ya faɗaɗa garka ya sa injin ban ruwa. Ya aiko, Baba ya ƙi. Ya zo da kansa, Baba ya ba shi ruwa ya raka shi ƙofa.

Wata safiya bayan girbi, na zo hutu daga Illela inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai ga motar Alhaji a ƙofar gida. A ciki akwai maigari da dattawa biyu, da wata Baturiya mai furfura tana rungume da dashen mangwaro mai aure a cikin baƙar leda. Tana jin Faransanci kaɗan, don haka ni aka kira in yi tafinta. Muka ɗunguma zuwa tudu.

"Baba, wagga jikanyar Bature ta," in ji Alhaji. "Ziyara taz zo wurin kushewar gwaggonta. Icce guda za ta dasa don tunawa. Kada ka damu da wahala, ni za ni sa yara su riƙa ba shi ruwa, in yi mai shinge."

Nan take na gane. Ita ta dasa, shi ya yi shinge, shi ya yi ban ruwa, ga maigari shaida, ga salula a hannunsa yana ɗauka. Bayan ƴan shekaru wa zai ce tudun namu ne?

Baturiyar ta fito da hoto. Kakanta zaune a kujera, matarsa a gefe, ɗan a ƙasa, can bakin hoton wata mace tsaye da goyo, an yanke mata rabin fuska. Ta ce babanta ya sha ba ta labarin wurin nan, yadda mutane ke ƙaunar kakanta, yadda ya zo ya tarar da daji ya mai da shi lambu. Na juya wa Baba maganar yadda take, ban rage komai ba.

"Daji," in ji Baba. Ya daɗe yana kallon rabin fuskar uwarsa. "Ɗiyata, hwaɗa mata kushewa tata ta. In ta so ta zo kullum, ba ni hana ta, uwata tag goyi yarinyag ga. Amma hannunta ba ya sa icce cikin ƙasata. An yi muna sau guda."

"Haba Baba, baƙuwa ta fa!" in ji Alhaji.

"Wancan ma baƙo na."

Baba ya miƙa hannu ya kama ledar. Da farko ta ƙi saki, ta dube ni, ni kuwa na kau da kai. Baba ya haƙa rami da hauyarsa kusa da duwatsun, ya yage ledar, ya sa dashen, ya mayar da ƙasa, ya danne da diddige. Ta durƙusa ta ɗebi ƙasa a tafin hannu za ta zuba, ya gitta ƙotar hauya a gabanta. Sannan ya juya.

"Maigari, wa yad dasa iccen ga?"

"Kai kad dasa shi."

"Alhaji, ka ɗauka cikin salularka, ko in sake?"

Alhaji ya sa salula a aljihu ya nufi mota. Baturiyar tana hawaye ta tambaye ni me ya sa tsohon ya tsane ta, alhali ba ta yi masa komai ba. Na ce gaskiya ne, ba ta yi komai ba. Na ce shi ma ranar da kakanta ya zane shi da bulala a kan mangwaro ɗaya, bai yi komai ba. Ta ce ba ta sani ba. Na ce to yanzu ta sani. Ban ji tausayinta ba a ranar, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji daga baya ba.

Mangwaro a jigawa ba wasa ba ne. Duk rani Baba ya riƙa ɗora jarka a amalanken jaki, ya ɗebo ruwa daga rijiyar gari, ya wuce ta gaban rijiyar garkar ko kallonta bai yi ba. Muka ce ya bari jikoki su yi, ya ce ko ɗigo ɗaya ba mai zuba wa icen nan sai shi. Ya yi masa shinge da hannunsa, awaki suka karya, ya sake.

Shekarar da icen ya fara ƴaƴa, ƙafafun Baba sun riga sun yi nauyi. Ya sa na raka shi tudun da rana tsaka. Akwai nunannu da suka faɗo a ƙasa, bai taɓa su ba. Ya ɗaga hannu ya tsinko ɗaya daga reshe, ya zauna yana fuskantar garkar, inda yaran Alhaji ke ban ruwa suna kallonmu. Ya sha shi a hankali, ruwan yana bin gemunsa, har ya tsotse ƙwallon fes.

"Ashe haka yake," ya ce. "Tsinko mini wani."