Ƙwaurin Mai Rawa

A tashar jirgin ƙasa ta Huedin, Piroska, wadda ta tsufa a aikin jinya, tana kallon wani dattijo mai gashin baki fari fat. Sandarsa sabuwa ce, yana jan ƙafar hagu kamar ta aro. Shanyewar ɓarin jiki ce, in ji ta a ranta, kuma bai daɗe da tashi ba; irin ƙafar nan sau da yawa ba ta jin komai.

Can wani mai goge ya saki kiɗan rawar samari. Kafaɗun dattijon suka motsa. Ya ɗaga ƙafar da ƙyar, ya kai mata mari yadda masu rawa ke marin dogon takalminsu na fata. Ya manta yau babu takalmin. Zoben da ke yatsarsa ya sauka a kan ƙashin ƙwauri.

Piroska ta runtse ido. Ta san wurin sarai: babu tsoka, sai siririn tantanin da ya lulluɓe ƙashi, cike da jijiyoyi.

"Tsohon kawai, karya ta ka huta!" in ji matarsa, da ke tsaye gefensa riƙe da kwando.

Shi kuwa ga hawaye ga dariya. "Ke Erzsi, na ji zafi! Na rantse na ji!"

Matar ta ajiye kwandonta a hankali.

"Sake mari in gani," in ji ta.