Rabin Askin Malam

Ban yafe wa ɗan kolin da ya sayar min da askata ta farko ba. Har yau in na wuce rumfarsa a kasuwar Karaye ba na gaishe shi, kuma ba na jin komai.

Maigidana malamin dagaci ne a nan Kurugu, mutum mai tsafta har ta yi yawa. Duk Juma'a sai an kwashe masa kai tas kafin ya ɗora hula. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, wanzamin garinmu ya zo gida sau biyu. Na uku bai samu shiga ba, don ya je majalisa ya kwaikwayi yadda bakin Malam ya karkace, maganar ta dawo mana. Malam ya ce kada ya ƙara taka masa zaure. Gashi kuwa ba ruwansa da faɗan mutane. Cikin wata biyu furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hula, ta sauko ƙeya. Daga nan ya daina yarda a fitar da shi zaure. Abokansa su yi sallama, ya ce in ce yana barci. Tuwon ma ya fara barin rabi. Na ga inda abin ya nufa, kuma ban shirya takaba ba.

Na ce ni zan yi masa askin.

Ya ce, "Mace da aska?" Maganarsa ta yi nauyi, amma ni ina gane ta.

Na ce, "Wa yake yi maka wanka, Malam? Kan ne ya fi sauran jikin daraja?"

Reza ba ta karɓarsa, ƙuraje take feso masa a ƙeya, don haka sai aska. Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, ga ni har da jikoki. Duk abin da ke da rubutu sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa, ko buhun taki ne. Askar da na gani a rumfar ɗan kolin tana cikin kwali, mai naɗewa, tana sheƙi kamar sabon cokali, an buga sunan wata ƙasar Turai a jikinta. Na karanta shi da kaina, harafi bayan harafi. Don ni na karanta, sai na ga kamar ba zai yi min ƙarya ba. Ɗan kolin ya ce, "Hajiya, wannan ko ƙuda ya sauka a bakinta sai ya rabu biyu. Ga araha."

Na jiƙa kan Malam, na sa sabulu. Ja uku na farko ta yi lafiya. Daga nan ta daina yanka, ta koma tsiga. Na danna, ta yi tsalle ta yanke shi a saman kunne. Na ci gaba don taurin kai, har na ga hawaye a idonsa. Ya ce, "Ya isa." Ya lalubo hula da hannun hagu ya rufe. Gefe ɗaya fes da yanka biyu, gefe ɗaya daji. Da yana ɓuya daga baƙi ne kawai, yanzu ko a gabana ba ya cire hula.

Ran kasuwa na mayar wa ɗan kolin. Ya ce, "Hajiya, laifin hannu ne. Ina ke ina aikin maza?" Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta ba, na ɗauki abata na hau mashin zuwa Rogo Sabon Gari, wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Mijinta wanzami ne kafin ya rasu, kuma kowa a gidan ya san ita take wasa masa asake.

Ban bari mun gama gaisuwa ba na miƙa mata. Ta ce, "Ke har yanzu ba ki iya zama ba. Ya mai jiki?" Sai da na amsa, na sha ruwa, sannan ta buɗe askar. Ta nuna rubutun da farce.

"Me aka ce a nan, 'yar boko?"

Na karanta mata.

"To ki ce wa rubutun ya ƙarasa askin."

Ta ja ni tsakar gida, ta juya bakin askar sama, saitin rana. Ta ce in duba. Na ga farin layi yana ƙyalli tun daga ƙota har tsini. Ta ce baki mai kaifi ba ya kama haske, duk inda ya yi ƙyalli a dakushe yake. Ta lashi farcen babban yatsanta, ta ja askar a hankali: ta sulale, ta yi tuntuɓe, ta sake sulalewa. Ta ce mai kyau kama farce take yi, ta tafi sumul. Ta girgiza ta, ƙusar da ta haɗa ta da ƙota tana rawa. Ƙarshe ta ɗauko dutsen marigayi ta wasa ta, bakin ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani.

Ta ce, "Gwangwanin ne ma, an dai goge shi. Sa mayafinki."

A maƙera asaken baƙaƙe ne, ba kwali, ba ko harafi ɗaya. Gwaggo ta zauna a kan kututture ta ce ni zan zaɓa. Na ɗaga ta farko a rana, na ajiye. Ta biyu tana da giɓi ƙarami, farce ne ya gaya min. Ta uku ƙotarta tana juyawa a hannu. Maƙerin ya ce, "Baba, wanzamai ma ba sa yi min wannan binciken." Gwaggo ta ce, "Su kan wasu suke yanka. Ita na mijinta ne." Ta biyar na riƙe. Gwaggo ta gwada ta a bayan hannunta, ta miƙe. Da muka koma gidanta ta haɗa ni da dutsen marigayi da guntuwar fatar gogewa.

Ban kusanci Malam da ita ba. Na tsinko ɗanyen duma a bayan gida, in shafa masa kumfa in kwashe, sharaɗin Gwaggo kada in kankare korensa. Na lalata huɗu. Daga nan na koma ƙwaurina. Tuwo ya ƙone min sau biyu a makon nan, ajin ma ban leƙa ba. Ina tsaka da haka dagaci ya aiko: ran Juma'a in an sauko masallaci zai zo duba Malam da kansa. Malam ya ce in ce yana barci. Na ce dagaci ba a ce masa haka, kuma in ka mayar da shi babu mai ƙara zuwa.

Ran Alhamis da la'asar na ajiye askar a kan tabarma a gabansa.

Ya ce, "Kin gama da rabi, kin dawo neman saura?"

Na ɗage zanena zuwa gwiwa na nuna masa ƙwauri, sumul, ba ko ƙwarzane. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗayar fa?"

Na nuna masa ɗayar. A nan ne na koyo, duk tabo. Ya yi dariya ta gefen bakin da ke motsi, rabon da in ji ta tun kafin damina. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya juya fuska bango.

Washegari da ya idar da salla na ɗumama ruwa, na goga askar a fata, na duba bakinta a hasken ƙofa. Na jingina shi da bango, na ɗaura masa tsohon zane a wuya. Ban tambaye shi ba. Na cire hular da kaina, na fara ta gefen da ban taɓa ba.