Umara Ya Ɗaura Akumari

Umara ɗan Kallamu a Zakirai aka haife shi, amma kakansa daga Barno ya zo da ayarin kanwa, ya ga ƙasa mai kyau ya yi zamansa. Noma Umara yake yi da damina, da rani kuma ya ɗinka akumari, abin da ake shimfiɗa wa jaki a baya kafin a ɗora kaya. Nasa da laushi, don audugar rimi yake cusawa. Sai dai ba mai saye. Manoma tsumma suke yafa wa jaki, su ce ai bai taɓa kawo ƙara ba.

Wata ran kasuwa abin ya ishe shi. Ya ɗaura akumari a bayansa, ya durƙusa a tsakiyar kasuwa.

"Jaki ba ya magana, ni ina yi! A ɗora mini damin dawa, in da zafi zan faɗa!"

Aka ɗora ɗaya, aka ƙara na biyu. Yana rarrafe yana cewa, "Wallahi kamar tabarmar amarya!" Masu fura suka bar ƙwaryarsu suka zo kallo. Kafin la'asar ya sayar da duk abin da ya kawo.

Matarsa Hamsatu a bakin rijiya ta ji labari. Da ya dawo ta ce, "Malam, ka ci tuwo ne ko in kawo maka harawa?"

Bai kula ta ba, don hankalinsa ya koma kan fatake. Manomi jaki ɗaya gare shi, madugu kuwa garke guda. Da ayarin Madugu Dabo ya sauka a zango, Umara ya je ya maimaita wasansa.

Dabo bai ko murmusa ba. "Jakina ba taku goma yake yi ba. Ɗauki kanwar nan ka bi mu zuwa zango na gaba."

Umara ya so ya ce ƙafarsa na ciwo, sai ya ga fatake duk sun zuba masa ido. Haka ya shiga layi, jaki gaba jaki baya. Na bayan ya yi ta cizon akumarin, sau ɗaya ma ya haɗa da abin da ba akumari ba.

Da suka isa, Dabo ya ɗaga masa riga, ya dudduba, ya lallatsa kamar mai sayen dabba. Ba ƙurji ko ɗaya.

"Ka ɗinka wa jakunana duka kafin mu dawo daga birni."

A kan jakin aro Umara ya koma gida, a kife, don zama ya gagara. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya tara maƙwabta ana ɗinki a zaurensa, Hamsatu da matan unguwa na tsince audugar rimi. Shekara ashirin ayarin Dabo ba ya wuce Zakirai sai ya tsaya, kuma duk sabon bafatake da aka kawo, sai ya nemi a nuna masa inda jakin ya ciza. Umara bai taɓa nunawa ba.